Yadda Ake Shirya Fita Shan Iska da Abinci a Babban Lambun Birni: Misalin Lambun Millennium na Abuja

Da yawa daga cikin masu aiki a Abuja ba a tsakiyarta suke kwana ba. Daga Kubwa, Nyanya, Karu, Lugbe ko Mararaba suke fitowa, inda gidan haya bai wuce ciki da falo ba, tsakar gida kuwa siminti ne da igiyar shanya. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ba shi da inda zai zuba gudu har ya gaji. Shi ya sa manyan lambunan birni suke cika maƙil ranakun Asabar da Lahadi: akwai fili, akwai inuwa, kuma iyali guda za su baje tabarma su ci abincin gidansu ba tare da sun biya kuɗin gidan abinci ba.

Lambun Millennium da ke unguwar Maitama shi ne mafi girma a Abuja, faɗinsa ya kai kimanin hekta 32. Wani masanin zanen gine-gine ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, shi ya tsara shi, Sarauniya Elizabeth ta Biyu kuma ta buɗe shi ranar 4 ga Disambar 2003, lokacin taron shugabannin ƙasashen Kwamanwel a zamanin mulkin Obasanjo. Rafi ya raba shi gida biyu. Ɓangaren babbar ƙofa an gyara shi da miƙaƙƙiyar hanya mai farin dutse da maɓuɓɓugan ruwa, ɗaya ɓangaren kuma an bar shi da itatuwa da ciyayi kusan yadda Allah ya halicce su. Wannan rabon yana da amfani ga mai zuwa da abinci, za a ga dalili a gaba. Abin da za a faɗa a nan ya shafi sauran wurare irinsa: bakin tafkin Jabi, Gamji a Kaduna, ko Gidan Zoo na Audu Bako a Kano.

Daga baya ake lissafi

Abin da ya fi ɓata irin wannan fita shi ne a fara da tambayar me za a dafa. Ba nan ake farawa ba. A fara da lokacin tashi, a yo lissafi baya-baya har zuwa lokacin ɗora tukunya.

A Abuja rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da 7 na yamma, gwargwadon wata. Ana so a ce an naɗe tabarma, an tattara yara, an isa mota kafin a kira Magariba, domin da duhu ne ake mance waya a ciyawa, kuma a lokacin ne sauro yake tasowa daga rafi. Ke nan haɗa kaya ƙarfe 5:30. Yara suna buƙatar aƙalla awa ɗaya da rabi na wasa bayan rana ta yi sanyi, wato daga La'asar. To abinci sai ya zama an ci shi kafin La'asar, wajen ƙarfe 3:15. Idan haka ne, a iso ƙarfe 3, a bar gida bayan Azahar, kafin nan a sauke tukunyar ƙarshe wajen ƙarfe 1:30, ba da sassafe ba.

Dalilin wannan takura shi ne ƙa'idar awa biyu. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da zafinsa yake tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Selshiyos, wato wanda bai yi sanyin firji ba, bai kuma yi zafin tukunya ba. Dafaffen abincin da ya shafe sama da awa biyu a wannan hali ya fara zama abin tsoro. Idan zafin gari ya haura digiri 32, kamar yadda yake yi kusan kullum a watannin Maris da Afrilu, awa ɗaya ce kawai. Uwargidan da ta tashi da asuba ta gama dafa-duka ƙarfe 8 don ta huta, aka ci ƙarfe 4 na yamma, ta yi ƙoƙari, amma ta sa mutanenta a haɗari.

Mai zuwa daga Mararaba ko Nyanya ya ƙara rabin awa saboda cunkoson hanyar. A kuma tuna an hana acaɓa shiga tsakiyar birni tun 2006, don haka wanda ba shi da mota ya yi ciniki da mai tasi na kaiwa da ɗaukowa tun daga gida, ya karɓi lambarsa. Neman mota a bakin ƙofa da Magariba, da yara huɗu da kula biyu a hannu, wahala ce da ba ta da dalili.

Game da wata, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi kowane lokaci: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, ƙurar hunturu ba ta kankama ba. Ranar Sallah da washegarinta, Kirsimeti, sabuwar shekara da 1 ga Oktoba, ba masaka tsinke. Mai son sarari ya bari sai rana ta uku, ko ya je da hantsi ya taso kafin jama'a su kwararo. Dokokin ƙofa suna sauyawa, musamman kan kuɗin shiga, lasifika, kwalabe da kunna wuta, don haka a tambaya kafin ranar.

Abincin da ke jure hanya da wanda ba ya jurewa

A ɗauki misalin mutum goma: manya shida, yara huɗu.

Shinkafa ɗanya kusan kilo ɗaya ta isa, a kan lissafin giram 100 zuwa 120 ga babba, rabin haka ga yaro. Kaji biyu, kowace a yanka ta takwas. Dafa-duka ta fi shinkafa da miya sauƙi domin kwano ɗaya ne, babu miyar da za ta zube a but. Amma shinkafa tana da wata illa da mutane ba su cika sani ba. Akwai ƙwayar cutar da ake kira Bacillus cereus, wadda irinta yake tsira daga dahuwa. Da zarar shinkafa ta huce ta zauna da ɗumi-ɗumi, sai ya farfaɗo ya saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Shinkafar ba za ta yi wari ba, ba za ta yi yauƙi ba, sai bayan awa ɗaya zuwa biyar a ga yara suna ta amai. Maganin abin shi ne ta shiga kula da zafinta. A zuba tafasasshen ruwa a kular, a rufe minti goma, a zubar, a goge, sannan a juye shinkafar kai tsaye daga kan wuta. A cika kular har baki, domin kular da aka zuba wa rabi ta fi saurin hucewa saboda iskar da ke saman abincin. Kada a buɗe ta sai lokacin ci. Masu buɗewa don su ɗanɗana a mota, a hana su.

Soyayyar kaza a tsane mata mai a kwando na 'yan mintuna, a shimfiɗa takarda mai tsabta a ƙasan wata kular daban, sannan a zuba. Idan aka ƙulle ta a leda da zafinta, tururi zai jiƙe ta ta yi laɓo-laɓo. Haka masa take yi: leda tana sa ta gumi ta manne da juna. A sa ta a kwano mai murfi da tsumma mai tsabta a ƙasa, a lissafa huɗu ko biyar ga babba, a tafi da ƙuli-ƙuli da yaji, ko zuma saboda yara. Miyar taushe a bar ta a gida.

Waɗanda ba su da matsala ko kaɗan su ne busassun abubuwa: dambun nama, kilishi, soyayyar gyaɗa, cincin, dabino, alkaki, dubulan. Su za a ajiye don bayan La'asar, lokacin da yara suka dawo daga guje-guje da sabuwar yunwa, kuma lokacin shinkafa ya riga ya wuce.

Akwai waɗanda ba su dace da fita ba sai da ƙanƙara mai yawa. Alale yana saurin tsami a zafi, musamman in an sa masa ƙwai ko kifi. Salak ɗin da aka riga aka kwaɓa da bama shi ne kan gaba wajen ɓata ciki. Kunun aya kuwa, daɗinsa ba ya kaiwa ko'ina: cikin 'yan awoyi a waje zai fara tsami ya kumbura gora. Mai son kwaɗon zogale ko rama ya tafi da kayan a rarrabe, dafaffen ganye a cikin sanyi, dakakken ƙuli a robarsa, tumatir da albasa ba a yanka ba, a haɗa a can a ci nan take. Kankana ma a tafi da ita guda, a wanke bayanta tun a gida, a fasa lokacin sha. Yankakkiyar kankana ba ta da tsami da zai kare ta, ƙwayoyin cuta suna son ta kamar yadda ƙuda yake son ta. Dafaffen ƙwai a bar shi da ɓawonsa.

Idan za a tsaya sayen tsire ko balangu a hanya, shi za a fara ci da an zauna.

Ruwa da sanyi

Ruwa ne abin da kullum yake ƙarewa. A lissafa lita ɗaya da rabi na sha ga kowane mutum, lita biyu a lokacin zafi. Jakar ruwan leda tana da ƙulli 20 na rabin lita, wato lita 10, don haka mutum goma suna buƙatar jaka biyu. Wannan ban da ruwan alwala da wanke hannu: jarka mai lita 10 da buta biyu. Kada a dogara da famfon lambu.

Ruwan ledar nan shi ne ƙanƙararku. A sa jaka ɗaya a firiza tun daren jiya, in wuta ta yi halinta a sayi ƙanƙara da safe. Babban dunƙule ya fi ƙananan gutsattsari daɗewa, domin fuskar da zafi yake taɓawa ba ta da yawa idan aka kwatanta da girmansa. Ƙanƙara ta cinye aƙalla kashi ɗaya cikin uku na cikin kular sanyi, a jera wata a ƙasa, wata a sama, saboda sanyi ƙasa yake gangarawa. In da hali a yi kula biyu, ɗaya ta abin sha wadda yara za su yi ta buɗewa, ɗaya ta abincin da ke buƙatar sanyi wadda ba za a taɓa ba sai sau ɗaya ko biyu. A mota kular ta zauna a ciki tare da mutane, ba a but ba inda zafi yake taruwa. A lambu a ajiye ta a inuwa a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tawul.

Zoɓo ya fi kowane abin sha na gida jure fita saboda tsaminsa. Kofi huɗu na busasshen zoɓo sun isa lita biyar na ruwa, da citta, kanumfari da sukari daidai baki. A dafa tun jiya, a tace, a ɗura a gorunan roba a bar sararin yatsa uku a sama domin ƙanƙara tana kumbura. Rabin gorunan a daskarar da su, rabi a sanyaya kawai. Idan aka daskarar da duka, ƙarfe 3 za ta yi ana riƙe da dutse a hannu ana jiran ya narke.

Zaɓen wurin zama

Nan ne gwaninta take. Wanda bai saba ba yana ganin inuwa mai kyau ƙarfe 3 sai ya shimfiɗa tabarma a tsakiyarta, kafin ƙarfe 4:30 rana ta zagayo tana dukan fuskar kowa, a tashi a ja kaya da kwanuka a buɗe. Da yamma rana yamma take gangarawa, inuwa kuma tana miƙewa gabas. Saboda haka a zauna ta gabashin itace, a bar kututturen tsakaninku da rana, a kuma shimfiɗa tabarmar a gefen inuwar da ke nesa da rana. Inuwar za ta yi ta ƙaruwa a kanku maimakon ta gudu.

Kafin a shimfiɗa komai a tsaya minti ɗaya a dubi ƙasa. Layin tururuwa, ramin cinnaka, ko ƙasa mai laushi da aka turo sama, duk alama ce ta a matsa gaba. A ɗaga kai kuma: busasshen reshe, kashin tsuntsaye da ya yi fari a ƙasa, ko ƙudan zuma masu shiga da fita a kogon itace. Itacen da ke zubar da 'ya'ya yana tara ƙuda da rina.

A lambun Millennium, ɓangaren ƙofa ya fi dacewa da masu ƙananan yara da tsofaffi: ciyawa a aske take, hanya a share, mota ba nisa. Ƙetaren rafi ya fi inuwa da shiru, amma ya fi sauro, kuma doguwar ciyawar bakin ruwa wurin maciji ne a ko'ina take. A bar aƙalla taku 30 tsakanin tabarma da ruwa idan akwai yaron da bai kai shekara bakwai ba. Banɗaki ya kasance tafiyar minti uku zuwa biyar: kusa yadda za a kai yaro a kan kari, nesa yadda iska ba za ta kawo wari ba.

Babbar tabarmar roba tana ɗaukar mutum huɗu ko biyar a zaune, don haka mutum goma tabarma uku: biyu na zama, ɗaya ta abinci a tsakiya. Da damina ko washegarin ruwa a fara shimfiɗa leda mai kauri ko tamfol a ƙasa, domin ciyawar da ta bushe a ido tana da laima a gindi, cikin rabin awa za ta ratso zane. A danne kusurwoyi da takalma ko jarka. Hajiya ko Baba da ke fama da gwiwa a tafi musu da kujerar roba ko mai naɗewa. Zaman ƙasa na awa uku ba nasu ba ne, ko da sun ce ba komai.

A ware darduma ko tabarma ɗaya ta salla wadda ba a ci abinci a kanta ba. Alƙibla daga Abuja gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa, kimanin digiri 65 daga arewa. Da La'asar, wanda ya juya wa rana baya ya kusa daidai, sai ya gyara da manhajar waya.

Ƙananan kayan da ake mantawa

Wuƙa da faranti na yanka, ludayi ko babban cokalin zuba abinci, sabulu, tsumma biyu, ledar shara manya guda uku, mabuɗin kwalba, ƙaramar tocila, man shafawa na korar sauro, filasta da auduga, da canjin kaya ga kowane ƙaramin yaro. Ƙananan kuɗi a hannu, domin taransifa takan maƙale a wurin da jama'a suka yi yawa. Ƙwallo, igiyar tsalle, ludo ko dara. Ludayin nan shi aka fi mantawa, sai a ga ana kwasar shinkafa da murfin kula.

Abubuwan da kan faru

Ɓatan yaro ya fi komai yawa a ranakun cunkoso. Da an iso, a nuna wa yara wata alama da ba ta motsi, kamar babbar ƙofa, a ce duk wanda bai ga kowa ba ya tsaya nan. Ƙananan a rubuta lambar waya a takarda a sa musu a aljihu, a kuma ɗauki hotonsu a waya da kayan da ke jikinsu a ranar. Sannan a ɗora wa mutum ɗaya tak alhakin kallonsu, a riƙa karɓa-karɓa duk rabin awa, ana faɗa da baki: "Yaya, yanzu ke ce da yara." Idan aka ce kowa ya sa ido, ba wanda zai sa.

Da damina, hadarin yamma daga gabas yake tasowa kuma ba ya jira. Da an ga gabas ta yi baƙi, an ji iska mai sanyi ta buso, a fara naɗe kaya, saura 'yan mintuna. Kada a fake a gindin itace idan ana tsawa, domin aradu dogon abu take nema a fili. Cikin mota da gilashi a rufe ya fi aminci.

Da hunturu kuma ƙura ce: kowane kwano ya zauna a rufe, mai ciwon asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ba a mota ba. Busasshiyar ciyawa tana kamawa da ƙaramin garwashi, don haka gashi a lambu sai inda aka ba da izini, a kan abin gashi mai ƙafa, a kuma kashe gawayin da ruwa har sai ya daina huci.

Ƙudan zuma zoɓo da lemon kwalba suke bi. A rufe gora bayan kowace kurɓa, a leƙa kofi kafin a kai baki. In ya harbi wani, a kankare ƙarin da gefen katin banki ko farce da sauri, a ɗora ƙanƙara. Idan fuska ko leɓe suka fara kumbura, ko numfashi ya yi wuya, asibiti kai tsaye. Saran maciji ma haka: ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, a hana mutumin tafiya, a ɗauke shi zuwa mota.

Yaron da ya yi laushi saboda zafi ko gudawa, a kai shi inuwa a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan.

Sai zaman tare. Lambu na kowa ne, akwai masu biki, akwai masu karatu, akwai masu neman shiru. Lasifika kada ta wuce tabarmarku. Masu ɗaukar hoto na kuɗi suna yawo, a yi ciniki kafin su danna. Kada a ɗauki iyalin wasu a hoto ba izini, kuma tunda lambun yana maƙwabtaka da yankin fadar shugaban ƙasa da majalisa, ƙaramin jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi a bar shi a gida.

Tashi

Ƙarfe 5:30 a fara da shara: leda ɗaya ta ragowar abinci da ƙashi, ɗaya ta roba da gwangwani. Ledojin ruwa su ne suka fi ɓata ciyawa, a sa yara su tsince su, har da tsinken tsire da murafen kwalba da kan soki mai tafiya ba takalmi. Idan kwandon sharar lambu ya cika, a tafi da ita gida. Wadda aka jingina a gefensa iska da karnuka za su watsa ta kafin safiya. A ƙirga yara, a ƙirga wayoyi da makullai, sannan mutum ɗaya ya koma ya zagaya wurin bayan an ɗage tabarmi.

A gida, duk shinkafa, kaza ko alalen da ya yini a waje a zubar, kada a ce za a ɗumama da safe. Abin da ya dawo cikin kular sanyi kuma har yanzu da sauran ƙanƙara a jikinsa, shi ne zai iya shiga firji. A wanke kuloli da ruwan ɗumi da sabulu a daren, a bar su a buɗe su bushe, in ba haka ba warin zai kama robar. Tabarmi a kakkaɓe su a shanya kafin a naɗe, musamman wadda ta kwanta a kan laima, domin cikin kwana biyu take yin fumfuna.